Ranar da Guguwa Ya Kai Ni Zance

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara hawan sukuwa ba, don a ranar na yi ritaya.

Ina da shekara sha tara lokacin, ga ni siriri kamar karan dawa. Ramar nan ce ma ta samo mini aikin. Alhaji Uba, wani mai dawaki a wajen Minjibir, ya gan ni a kasuwa ya ce, "Wannan ai doki ba zai san an hau shi ba." Ya damƙa mini Guguwa, baƙin doki mai ƙafa, ya ce in riƙa fita da shi kilisa kullum da la'asar. Idan na yi abin kirki a tseren bayan girbi, na zama mahayinsa na dindindin. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: daga turke sai fili, daga fili sai turke.

To, akwai Saude. Gidansu na nan daf da filin, daidai kwanar ƙarshe, sai ka bi ta wata 'yar kafa a shingen gona. Na ce a raina sau ɗaya dai ba ya ɓata komai (sau ɗayan nan wata biyu ya yi). Kullum idan mun zo kwanar sai in karya linzami, mu tsaya bayan dangarsu. Ni in yi ta zuba cika baki, ita kuwa ta saci harawar babanta ta haɗa wa Guguwa da 'yar kanwa. Malam Idi, baban nata, bai san da zamana a duniya ba.

Ranar tsere fili ya cika, har daga Zakirai an zo. Aka sake mu mu shida. Wallahi Guguwa ya yi gudu! Kafin zagaye na biyu na ba su rata, ina jin ana ta ihu, har na fara tsara yadda zan ɗaga wa Alhaji hannu.

Muna isa kwanar ƙarshe sai na ji dokin ya sassauta. Na ja linzami hagu, ya yi dama. Na zuba masa bulala, na roƙe shi, har "don Allah" na ce wa doki. Ina! Ya bi ta kafar shingen nan a natse, ya ratsa gonar, bai tsaya ko'ina ba sai bayan dangar su Saude, ya zura kai yana haniniya a kawo masa abin da ya saba.

Malam Idi na zaune a gindin darbejiya da baƙinsa. Ya dube ni, ya dubi dokin, ya dubi rumbun harawarsa da ya yi rabi.

"Samari, sannu da zuwa. Ashe kai ne akuyar da nake ta nema?"

Na waiga. Ga jama'ar fili sun biyo sawuna, yara na ta tafi, Saude kuma na jiyo ta a cikin gida tana dariya har da tari. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Alhaji ya iso yana haki. Bai zage ni ba, kuma hakan ya fi mini ciwo. Ya karɓi linzamin ya ce, "Sauko, ɗana. Dokin ya fi ka gaskiya."

Ban sake hawa ba. Malam Idi kuwa ya ce tunda doki ya riga ya gabatar da ni, in turo manyana. Saude na ɗakina yanzu da 'ya'ya uku, kuma har gobe tana gaya musu cewa Guguwa ne ya nemi aurenta, ni rakiya na yi.

Abin da na koya dai shi ne, idan za ka je inda aka hana ka, ka tafi da ƙafarka.