Rasuwar Mai Durowa Sittin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, e, baƙin ciki na ce, Muhammad Bashir, ko katako ne ai ya fi wasu masu rai amfani, ni Hanne mai shara nake sanar da mutanen Ajingi, Toranke da Gaya rasuwar kabad ɗin kati na ɗakin karatun garinmu, wanda muke kira Mai Durowa Sittin. Ya cika ranar Talata da hantsi. Ƙafarsa ta baya ce ta fara durƙushewa.

Shekara talatin da ɗaya muna tare da marigayin. Bai taɓa cewa babu wuta ba, bai taɓa cewa sabis ya ɗauke ba. Ka ja durowa ya ce ƙiiii, ka mayar ya ce ƙwas. Maganarsa ke nan duk rayuwarsa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Kowane littafi kati uku ya riƙe masa: na sunan wanda ya rubuta, na sunan littafin, da na abin da ke ciki. Ni ban san baƙi ba, amma Malam Datti, mai kula da ɗakin na farko, Allah ya jiƙansa, ya nuna min lambar da ke kan kati ita ce a gadon bayan littafi, kamar tsagar 'yan gida ɗaya. Da haka nake mayar da kowanne cikin danginsa, na addini gabas, na noma bakin taga.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da aka turo mana sabon ma'aikaci, wato kai Muhammad Bashir, da kwamfuta a hammata. Ƙafafun marigayin huɗu cikin gwangwanin kananzir suke, ni nake zubawa duk Juma'a saboda gara. Ka ce wari, ka ce ƙauyanci, ka sa aka zubar. Ka kwafe katin cikin kwamfuta, ka rabar da su a kasuwa. Ka jera littattafan bisa tsayi don su yi kyau a hoto. Sannan ka ce wadda ba ta iya karatu ba me take yi a ɗakin karatu, ka sallame ni.

Gara ta shiga da damina. Kwamfutar ma ta riga shi, ɗigon rufi ya same ta, ta tafi da duk abin da ta haɗiye. Ita ba a yi mata zaman makoki ba, ba ta daɗe da za a saba ba.

Ya bar littattafai dubu uku marayu, ba wanda ya san gidan ubansa. Ya bar katinsa a hannun Baiwa mai ƙosai, tana zuba wa masu saye yaji a kai. Ya bar ni.

Abin da gara ta rage za a kai shi makwancinsa ranar Laraba bayan la'asar, a murhuna, ƙarƙashin tukunyar dambu. Hannayen durowar na ƙarfe ni zan riƙe. Masu ta'aziyya su zo da kwano.

Kai kuma sau uku kana aiko min, wai manyanka na tafe daga Kano ranar Alhamis, in taimaka in mayar da littattafan yadda suke kada aikinka ya tafi. Ayya, ɗan nan, ai ni ban iya karatu ba. Je wurin Baiwa ka sayi ƙosai, kana ci kana karantawa. Kati dubu tara ne, ka fara da wuri.