Ranar da Na Dafa wa Doki Ruwa

Baturen da nake yi wa aikin barga ya taɓa gaya mini cewa a ƙasarsu ruwan dawaki daskarewa yake yi, sai an ɗumama. Na riƙe wannan ilimi gam.

Da sanyi ya kankama, na tarar da dokin surukina a Tudun Wada yana shan ruwan rijiya. Na ce, "Baba, kashe shi za a yi. A bar mini."

Na hura wuta a ƙarƙashin kwamin da dokin yake shan ruwa a ciki. Kwamin na itace ne, gadon kakansa. Ya babbake, ya tsage, ruwan ya kashe wutar.

Surukina ya ce, "Sannu da aiki," ya shige gida.

Har yau in na yi sallama, ƙannen matata sai su ce, "A ɓoye akushi, kukun doki ya iso!"