Ranar Da Na Kai Woɗe Kasuwa

Tsufa ya kwashe mini haƙora, ya kwashe rabin Faransancin da na sha bulala a kansa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja saniya zuwa kasuwar Dakoro ba. Wannan kam ya bar mini ita, don in riƙa jin kunya har a rufe ni.

Zamanin Nasara ne, kumandan bai daɗe da zama garinmu ba. Ina cikin 'yan kaɗan da aka kama aka kai lakwal, makarantar boko, daga baya aka tura ni Maradi, wani aji da ake koya wa samari lissafin kanti don su zama kwantabul, wato masu riƙe littafin kuɗi. (Jikokina na gaya wa mutane wai kakansu ya yi karatun harkar kuɗi. Ban taɓa ƙaryata su ba. Wata bakwai na yi, biyu daga ciki ina kwance da masassara.) Mushe, wato malamin da ke koya mana, wani siririn Bature mai yawan gumi, magana guda yake nanatawa yana bugun allo: dukiyar da ke kwance matacciya ce, dole jari ya yi ta juyawa.

Da kaka na zo gida hutu, da gajeren wando da alƙalami maƙale a kunne. Baba na shirin kai hatsi wajen Tagriss. Ya ce, "Ka kula da gida." Kalma huɗu ke nan, amma ni ji na yi kamar an miƙa mini makullin baitulmali.

Washegari na zagaye gidan ina neman dukiyar da ke kwance. Na kuwa same ta, kwance sosai, tana tuƙa: wata jar saniya mai dogayen ƙahoni. Tana cin dusa, tana cin harawa, nono kuwa babu ko ludayi. Na zauna na yi lissafi. In na sayar da ita na sayi gero yanzu da yake arha, in bazara ta yi in fitar, riba za ta kusa ninkawa. Har yau ina nan a kan bakana: lissafin nan daidai ne.

Inna ta ce, "Kai, Woɗe ba ta sayarwa ba ce."

Na yi murmushin masu ilimi. Inna ai ko tsohuwar ƙwarya ba ta sayarwa ba ce a wurinta.

(Ga abin da ban tsaya na tambaya ba. Shekarar da shanun Baba suka mutu ina lakwal. Wani amininsa Bafillace, Baffa Buba, ya kawo masa karsana ta habbanaye. Al'adarsu ce: ka ba abokinka saniya ya riƙe, ya sha nono, ta haifa masa sau uku, maruƙan nasa ne, sannan ya mayar maka da uwar. Babu takarda, babu shaida. Wanda kuwa ya ci amanar irin wannan saniya, ba Bafillacen da zai ƙara shan ruwa a gidansa, kuma maganar za ta bi 'ya'yansa. Woɗe ta haihu biyu, tana ɗauke da cikin na uku. Ni na ɗauka ƙiba ce, har na ƙara mata kuɗi.)

Ranar kasuwa, Inna na fita rijiya na kwance igiya.

A kara, wurin shanu, dillali na farko ya duba tsagar kunnenta, ya dube ni, ya ce yana da uzuri. Na biyu ya ce, "Ɗan gidan wa kake?" Na gaya masa. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya wuce. Na ce a raina sun haɗa baki ne don su karya farashi, mushe ya gargaɗe mu a kan haka. Sai na fara talla da kaina, ina jefa Faransanci nan da can don su san da wa suke yi.

Can sai ga wani dogon dattijo da malfa, sanda gicciye a kafaɗa. Mutane suka yi ta darewa suna ba shi hanya. Ni kuwa na ce to, ga babban mai saye.

Ya ce, "Samari, ta sayarwa ce?"

"Ta sayarwa ce, Baba. Jika shida, ba ragi."

"Shekarunta nawa?"

"Huɗu cif." (Ban san ko nawa ba ne. Huɗu ce ta zo bakina.)

"Ikon Allah. Irin ta ina ce?"

"Gadonmu ce tun kakanni. A hannuna aka haife ta."

Wani ya yi tari a bayana. Wani ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Dattijon ya gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi, ya ce, "To mi ya sa za ku rabu da gado?"

Nan fa na samu fili. Na zare alƙalami, na bayyana masa yadda jari ke juyawa, da yadda mutanenmu ke zaune cikin duhu suna ciyar da dabbar da ba ta kawo komai. Na ce masa, "Ku makiyaya musamman, ku ne ba ku gane ba."

Ya ja da baya taku kamar goma, ya yi wani ɗan kira can cikin maƙogwaro, ya ce, "Woɗe."

Jama'a, saniyar nan da kwana uku ban ga ta yi sauri ba, ta fizge. Igiyar na naɗe a hannuna. Ta ja ni a ƙasa, ta cikin abin da shanu ke bari a kara, har gaban mutumin, ta sa baki tana lasar hannunsa. Na ɗaga kai, alƙalami ya tafi, gajeren wandon ya koma abin da ba na faɗi ba.

Ya karɓe igiyar daga hannuna, ya ce, "Damina tara gare ta, ɗana. A hannuna aka haife ta, ko da yake ban gan ka a wurin ba. Ni ne Buba."

Kara ta fashe da dariya. Ni ba dariyar ce ta kashe ni ba. Tsoro ne ya kama ni, ganin igiya a hannunsa. In ya wuce da ita ruga daga nan, gaban dillalai duka, Baba ya gama ɗaga kai a Dakoro, kuma ni na jawo masa.

Ya daɗe yana shafa cikinta. Sannan ya miƙo mini igiyar, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ɗan abokina ya kawo mini ita in ga yadda suke kiwonta. Na gani, ta yi kyau. Saura maraƙi guda. Tashi mu mai da ita."

Shi ya raka ni har gida, yana gaba, saniya na tsakiya, masanin harkar kuɗi na baya yana ɗingishi.

Da Baba ya dawo, labari ya riga ya tarye shi tun a hanya. Bai doke ni ba, da ma ya doka. Ya ce, "Kwantabul, tunda ka ce a hannunka aka haife ta, to a hannunka za ta haihu." Ban koma Maradi ba. Ni na yi mata ciyawa, ni na ɗebo mata ruwa har ta sauka, ni kuma na ja ta zuwa rugar Baffa Buba ranar mayarwa. Ya cika mini ƙwarya da nono, ya jira sai da na kafa kai, ya ce, "Yanzu shekarunta nawa?"

Sunan Kwantabul ya bi ni har yau, kuma mutane na tsammanin girmamawa ce. Abin da na koya dai shi ne, in ka ga dukiya kwance a gidan ubanka, kafin ka zare alƙalami ka tambayi tsohuwarka wa ya kwantar da ita. In ta amsa kuma, ka daure ka tsaya ta kai ƙarshen magana.