Hutun Mai Girma Dawo-Gobe

Duk wanda ya ce zamanin nan bai haifi manyan mutane ba, bai taɓa zama a bencin ƙofar ofishin Tsohon Darakta ba. Benci ne dogo mai sheƙi, kuma ba kafinta ne ya goge shi ba, wandunan masu jira ne. A kansa jama'a suka koyi haƙuri ba tare da an karɓi ko sisinsu ba. Shekaru masu yawa bawan Allah ya riƙe wata ma'aikata mai ba da izinin gini, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa kama shi da laifin gaggawa ba. Idan takarda ta zo gabansa, sai ya dube ta ta saman tabarau, ya ɗora ta a kan 'yan'uwanta, ya ce wa mai ita cikin murya mai taushi, "Ka dawo gobe." Ma'aikata suka raɗa masa suna Dawo-Gobe. Da labarin ya kai kunnensa bai ji haushi ba, ya ɗauke shi lambar yabo.

Yana da hujja, domin babban mutum ba ya aiki da ka. "Wanda ya amsa nan take," in ji shi, "ya tona wa kansa asiri cewa ba shi da abin yi. Buƙata sai ta kwana, sai ta huce, sannan a san ko ta gaske ce."

Ranar da ya yi ritaya aka tambaye shi abin da yake so a matsayin kyautar ban kwana. Wani zai ce agogo, wani talabijin. Shi kuwa ya nemi bencin. Aka ɗauko masa shi a mota, aka girke a barandar gidansa, yana fuskantar ƙofar falo. Kowace safiya yakan saka kwat, ya ɗaura taye, ya zauna a ciki yana sauraro. Bencin ya yi shiru. In ban da kyanwar maƙwabta, babu mai hawa, ita ma ba wata buƙata take kawowa ba.

Ana cikin haka aka yi taron ƙungiyar 'yan fansho. A nan ya tarar an kewaye tsohon mataimakinsa, mutumin da ya kai shekarun furfura amma har yanzu Darakta yana kiransa "yaron nan". Mataimaki ya dawo daga hutu ne, ya kama hayar wani ɗan gida a bakin teku shi da iyalinsa, sun yi watanni suna shan iska. Yana nuna hotuna a waya, tsofaffi suna ture juna don su gani. Babu wanda ya lura Darakta ya shigo, har sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

Ya miƙe, ya ɗaga hannu kamar mai buɗe taro.

"'Yan'uwa abokan hidima, abin da yaron nan ya yi leƙe ne, kuma mun yaba masa gwargwadon ƙarfinsa. Ni kuwa na daɗe da tsara tafiya ta rabin shekara. Ba yawon buɗe ido zan je ba, rangadi zan yi. Teku ta daɗe tana jira, lokaci ya yi da za a saurare ta."

Aka yi tafi. Sakataren ƙungiya ya ce lallai za a raka shi tasha ranar tafiya. Darakta ya koma gida yana jin kansa kamar an mayar masa da ofis.

Da Uwargida ta ji labari, sai ta tambaya a hankali, "Baban yara, gidan nan fa? Wa za mu bar wa?"

A nan basirarsa ta bayyana. Ya ce babban mutum ba ya barin gida ya zauna banza. Yadda zai kama hayar gidan wani, haka wani zai kama hayar nasa. Aka kira babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya da aikin gabanta, aka naɗa ta Sakatariyar Kwamitin Tafiya ba tare da an nemi yardarta ba. Ta saka gidan a shafin intanet na masu ba da haya. Ba a jima ba wani dattijo ya ɓullo, tsohon mai gyaran agogo, wanda yake so ya zauna kusa da jikokinsa na ɗan lokaci shi da maiɗakinsa.

Dattijon ya yi sallama, aka nuna masa benci. Ya zauna har rana ta karkata. Darakta ya fito, ya saurare shi da rabin kunne, ya ce ya dawo gobe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lallashin ƙananan sukurori da ɗan hantsaki ba ya gajiya da jira. Washegari ya dawo, ya zauna a wuri guda, ya ce, "Ranka ya daɗe." Idanun Darakta suka ciko. Tun da ya bar aiki babu wanda ya dawo masa gobe. Cikin wannan rauni na zuciya ya sa hannu a yarjejeniya, aka tsayar da farkon wata mai zuwa a matsayin ranar miƙa makulli. Wannan ne karo ɗaya tak da aka san ya yanke magana da wuri, kuma maganar ta fitar da shi daga gidansa ce.

Saura a samo inda zai sauka.

Teburin cin abinci ya zama ofis, iyali suka koma cin abinci a cinya. Darakta ba ya yarda da abin da yake gani a gilashin kwamfuta, domin ba a iya sa masa jan biro. Saboda haka duk gidan da Sakatariya ta gano sai ta buga shi a takarda, ya duba ta saman tabarau, ya rubuta "Ana kan nazari" a gefe, ya ɗora a kan tari.

"Baba, ba a yin haka a nan," in ji ta. "Wanda ya riga latsawa shi ne da gida."

"Sakatariya, aikinki kawo takarda. Hukunci namu ne."

Gida na farko na wata tsohuwa ne, mai ɗakuna biyu da baranda mai kallon ruwa. Ta amsa saƙo kafin shayin Darakta ya huce. Ta ce tana maraba da su, amma in suna so su faɗa yau, domin akwai masu tambaya. Darakta ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce gidan da ake roƙon mutum ya shiga, akwai abin da ake ɓoyewa. A bar ta ta kwana. Da gari ya waye gidan ya tafi. Ya ce wannan ya tabbatar da zarginsa: matar ba ta da natsuwa.

Na biyu aka haɗa shi da mai gidan a waya, fuska da fuska. Mutumin ya fara zagayawa yana nuna kicin, firji, famfon ruwan zafi. Darakta ya dakatar da shi.

"Ba tukwane na zo gani ba. Su wane ne suka zauna a gidan nan kafin ni, kuma da wane muƙami suka bar aiki? Ina baƙi za su jira idan sun zo gaisuwa? Akwai benci? Ka je ka yi tunani a kan waɗannan, za mu neme ka."

Mai gidan ya ce da alama layin ba shi da kyau, ya kashe waya. Layin bai sake gyaruwa ba.

Haka gidaje suka yi ta shigowa ta hannun dama suna fita ta hagu. Lokacin hutu yana matsowa, shafin yana ta ramewa. Tarin takardu kuwa yana ƙiba, kuma ganinsa kawai yana sa Darakta ya ji aiki na tafiya.

Sai ga gida mai shuɗiyar ƙofa. Yana kan ɗan tudu, teku a ƙasa, bishiya a tsakar gida, ga wata babbar kujerar fata a bakin taga, wadda kamar da jikinsa aka auna ta. A karo na farko ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Uwargida ta tsaya a bayansa, ta daɗe tana kallon bishiyar. Sakatariya ta ɗora yatsa a kan maballi.

"Baban yara, ka ce mata ta latsa."

Bakinsa ya buɗe. Waɗanda suke wurin sun rantse cewa kalmar "to" ta hau harshensa, har an ga ƙeyarta. Amma al'adar shekaru ba ta sauka a yini guda.

"Wannan ya cancanta. Saboda ya cancanta ne ma ba za mu nuna zalama ba. Su san ba kowa ne yake nema ba. Gobe."

Da ya tsaya a nan, wataƙila da gobe ta yi masa rana. Sai dai yammacin ranar akwai taron ƙungiya, kuma babu amfanin gida mai shuɗiyar ƙofa in ba a gan shi ba. Ya tafi da takardar a aljihun kwat. Ya zagaya da ita hannu hannu, ya faɗi sunan unguwar, ya kwatanta tudun, ya bayyana kujerar a matsayin "mazauninmu na wucin gadi". Mataimaki ya karɓa, ya duba da kyau, ya tambaya cikin ladabi ko an riga an kama.

"Ana kan nazari," in ji Darakta.

Duk duniya babu wanda ya san ma'anar wannan magana kamar mutumin da ya yi shekaru yana kwashe takardu daga teburinsa. Mataimaki ya miƙa takardar da hannu biyu, ya nemi izinin fita, ya ce zai ɗan amsa waya.

Washegari Darakta ya ɗaura taye mafi kyau, ya zauna, ya ba da umarni a latsa. Sakatariya ta juyo masa da kwamfutar. An kama gidan, har rabin shekara. Kafin azahar saƙo ya shigo zauren ƙungiya a waya: Mataimaki yana sanar da cewa zai sake ɗan leƙawa bakin teku gwargwadon ƙarfinsa, yana kuma gode wa maigidansa da ya nuna masa hanya.

Darakta ya amsa da cewa dama ya janye, domin an samo masa wani wuri na musamman wanda ba a saka irinsa a intanet. A wannan bai yi ƙarya ba. Babu shi a intanet, babu shi a ko'ina. Abin da ya rage a shafin ɗakunan kwana ɗaya ne da wani gado a saman shagon walda.

Farkon wata ya zo a kan lokacinsa, domin shi bai taɓa aiki a ƙarƙashin Darakta ba. Mai agogo ya iso da akwatunansa da tukwanen furen maiɗakinsa, aka miƙa masa makulli. Ƙungiya ta cika alkawari, ta raka matafiya tasha. Aka yi jawabai. Darakta ya yi nasa a bakin ƙofar jirgin ƙasa, ya gargaɗi jama'a da kada su dame shi da waya, ya yi alkawarin rahoto. Ya ɗaga hula har aka daina ganinsa. A tasha ta gaba shi da Uwargida suka sauka, suka ɗauki tasi zuwa gidan 'yarsu ta ƙofar baya.

Uwargida ta kwance kayanta a ɗakin jikoki, ta ce ita kam hutunta ya fara. Darakta kuwa ya leƙa taga, ya hango sakataren ƙungiya yana wanke mota a tsallaken titi. Ashe nan gidan sakataren yake. Mutumin da yake rangadi a bakin teku ba zai yi rabin shekara yana rarrafe a ƙarƙashin taga ba. Sai ya tuna da ɗakin ajiya da ke bayan garejin gidansa, mai ƙofa ta lungu, inda babu mai gani. Yarjejeniyar haya ta haɗa da ɗakin, amma wannan ƙaramar magana ce tsakanin mai gida da ɗan haya.

Ya saka baƙin tabarau, ya bi ta lungu, ya yi sallama a ƙofar falonsa. Maiɗakin dattijon ta leƙo, ta gaishe shi da fara'a, ta ce maigida yana cin abinci, ya ɗan zauna. Ta nuna masa benci.

Ya zauna. Bai taɓa sanin katakon yana da tauri haka ba, kuma akwai wata kusa a tsakiya da ba a taɓa kawo masa rahotonta ba. Daga ciki yana jin ƙarar cokali, sannan labaran rediyo, sannan wani abu mai kama da minshari. Inuwa ta bar baranda kafin ƙofa ta buɗe.

Mai agogo ya saurare shi da kunne biyu, har ƙarshen jawabin, wanda ya taɓo tarihin ginin da muhimmancin sirri a rayuwar manya. Ya jinjina kai. Ya ce maganar babba ce, bai kamata a yi mata gaggawa ba, kuma sai ya shawarci maiɗakinsa.

"Ranka ya daɗe, ka dawo gobe."

Darakta ya miƙe a hankali, yana dafe da ƙugu. A hanyar lungu ya faɗa wa kansa cewa ko ba komai ya bar gidan a hannun wanda ya san aiki. Washegari kafin a buɗe ƙofa yana nan zaune. A duk tarihin bencin, shi ne mutum na farko da ya zo da matashinsa.