Wandona Ya Ci Sarautar Layi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar siminti ta tafi da wandona ba, ko da na so in manta mutanen Ƙonni ba su bari.

Layinmu yana bakin kwalta ne, daidai wani rami da manyan motocin da suka ɗauko siminti daga Malbaza ke rage gudu. Wasanmu ke nan, mu 'yan layi: mota na lafawa mu ɗafe bayanta, kowa ya dire inda tsoro ya kama shi. Wanda ya fi nisa shi ne sarkin layi, shi ke zaɓen 'yan ƙwallo, shi ke fara gutsurar mangwaro in an tsinto. Sarkin lokacin Illa ne, ɗan mahauta, wani mai kai kamar tulu (yau Alhaji ne, har da gidan sama, ni kuwa ina bisa kabu-kabu, amma bar wannan zance).

Wata safiya na gudo daga lakwal, makarantarmu ta boko, da niyyar tuɓe shi. Illa ya dube ni ya ce, "Kai? Da wanga hannu naka awa tsinken tsire?"

Na ce, "Yau kana gani, ɗan nema."

To ni ina da dabara, kuma ita ta kashe ni. Na lura hannu ke gajiya, shi ya sa yara ke direwa da wuri. Don haka ina ɗafewa na zaro bakin zariyar wandona na ƙulle ta tamau a jikin wani ƙarfe. Ƙulli biyu, kada a ce na yi sakaci.

Muka wuce tsamiya, yara suka zube. Muka wuce famfo, Illa ya dire yana zagina. Ni kaɗai na rage, ina ɗaga masa hannu kamar gwamna. Daga nan direba ya taka mota da gaske. Iska ta cika mini baki da garin siminti, na fara kiran inna.

Can gaba motar ta ɗan lafa saboda taron mutane a bakin hanya. Ban tsaya tunani ba, na saki hannu na yi tsalle. Zariya fa tana nan inda na ɗaure ta. Na yi lilo da kai ƙasa, sannan na zame daga cikin wandon na faɗo tim. Wando ya yi gaba yana kaɗawa kamar tuta.

Taron kuwa na suna ne. Dattawa cike da tabarmi, liman ya ɗaga hannu ana fatiha, ga ni tsaye a gabansu fari fat da siminti, daga ni sai 'yar riga da ba ta kai cibiya ba. A sahun gaba, babana.

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi! Wanga ɗan wa ne? Malam Idi, ba naka ba ne?"

Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara hula, ya ce, "Nawa yana lakwal."

Wata mai ƙosai ce ta ji tausayina, ta fasa gindin wani tsohon buhun siminti ta zura mini. Haka na tako har layinmu, buhu na ƙara, yara na bina da kiɗan gwangwani.

Duk da haka na nemi haƙƙina. Na ce ai ni na fi kowa nisa. Illa ya tara yara aka yi shari'a, ya ce, "Ƙarya kake. Wandonka ya fi ka nisa, yanzu haka ya shiga Najeriya. Shi ne sarki. Ni ina riƙe mishi kujera har ya dawo."

Kowa ya yarda. Wando bai dawo ba, Illa ya riƙe kujera har muka yi gemu.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka nemi sarauta, nemi da hannunka, kada ka sa wandonka a ciki.