Zakin da Aka Goyo Daga Kufena

Wallahi laifin sitatus ne. Mura ce ta kwantar da ni kusan wata guda, mai zazzaɓi da tari har haƙarƙari ya yi tsami. Ranar da hancina ya buɗe, sai na ɗora hoto a sitatus na WhatsApp, na rubuta: "Zaki ya dawo! Asabar Dutsen Kufena, mai ƙarfi ya biyo ni."

Inna ta ce, "Kai da ko buta sai ka huta kafin ka kai ta zaure?"

Na ce, "Inna, jini ne ke tafasa."

Ranar Asabar muka haɗu da 'yan ajinmu a gindin dutsen, har da abokina Bulus na Wusasa, da Zainab wadda, gaskiya, don ita na shirya komai. Na fara hawa da gudu ina cewa, "Ku taho mana, tsofaffi!" Ko kwata ban yi ba ƙafafuna suka zama taliya, ƙirjina na kuka kamar tsohon janareto. Na zube kan dutse, wai ina ɗaukar hoton gari.

Zainab ta ce, "Malam Zaki, wayar ma a kife ka riƙe ta."

Tashi ya gagara. Bulus ne ya goyo ni har ƙasa, yana nishi yana cewa, "Baba, ciwon nan bai rage maka nauyi ba fa."

Wani ɗan iska ya ɗauke mu hoto ya mai da shi sitikar WhatsApp. Yanzu na warke garau, har ƙwallo nake bugawa, amma ko sallama na yi a gurup ɗin ajinmu, goyon nan ne amsa. Jiya Inna ma ta turo mini shi.