Yadda Za Ka Sassaƙa Gadon Jariri da Ɗanyen Itacen Fiya Kafin Matarka Ta Haihu

Idan ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin ƙanƙara ta sauko za ka mallaki gadon jariri mai lilo, da suna a gari, da suruki wanda abinci ya daina yi masa daɗi. Ba a littafi na karanta ba. Reto, mijin 'yata Regula, shi ya gwada su a gabana, a kan jikana da ke cikin uwarsa.

1. Ka zama gwani tukuna

Jiya motar madara kake tuƙawa? Ba komai. Ka kalli bidiyo a waya, ka sayi injin juya itace, ka ɗaura gyauton fata. Maƙwabcinmu tsoho Kobi ya yi furfura a kan injin nan kuma har gobe cewa yake koyo yake yi. Shi ya sani, mai kan dutse.

2. Ka zaɓi bishiyar da ba a taɓawa

A nan ƙasarmu in an haifi namiji tuffa ake dasawa, in mace ce a dasa ƙanwar tuffa, wato fiya. Kada ka ɓata lokaci kan busasshen katako. Ka nufi bishiyar matarka, wadda ubanta ya dasa da hannunsa ranar da aka haife ta. Ka ce mata bishiyar nan ita ce, uwa ce za ta ɗauki ɗanta har cikin barci. Za ta yi hawaye ta amince. Uban kuma ya haɗiye nasa.

3. Ka sare ta tana cike da ruwa

Mutanen zamanin da suna jiran tsakiyar sanyi, lokacin da ruwan itace ya sauka. Sai su toshe bakin gungumen da kakin zuma, su turara shi kamar dambu har ya yi ja, su jingine shi a inuwa shekaru. Kai ka sare a tsakiyar zafi, 'ya'ya na reto a jikinta. Masu hikima sun ce mai jira ba ya shiga hoto.

Kobi zai leƙo ta katanga ya gaya maka fiya macijiya ce, murɗewa take yi in tana bushewa. Ka amsa masa yadda Reto ya amsa: "Kaka, je ka sha magani ka kwanta, zamani ya wuce ka a tasha."

4. Ka juya, ruwa na fesa maka a fuska

Ɗanyar fiya tana yankuwa kamar man shanu, sai ka ɗauka hannunka ne ya iya. Ka fitar da sandunan gefe sirara, ka kafa su a ramukansu, ka shafa mai. Da ganin sun yi daram yau, shi ke nan. Cewa kowace sanda za ta tsuke ta saki raminta in ta bushe, wannan maganar gobe ce, gobe kuwa ta mai rai ce.

5. Ka ajiye shi jikin murhun ɗumama ɗaki

Don yaro ya ji ɗumi. Wuta za ta ƙarasa aikin daidai watan haihuwa. In ka ji wani ɗan ƙas daga wajen gadon, ka ce itace ne ke gaisuwa.

6. Ka tambayi surukinka a gaban 'yarsa

Wannan shi ne babban mataki. Ka jira an gama cin dankali da cuku ranar Lahadi, ka yaye zanen da ka lulluɓe gadon da shi, ka ce, "Baba, ya ka gani?" Matarka tana dafe da ciki tana kallon bakin ubanta. Uwarta tana taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Me zai ce? Ni dai cewa na yi ya yi kyau.

Da suka fita lambu na ɗauko dunƙulen cuku mai nauyin jariri na sa a cikin gadon, na girgiza da ƙarfi. Gadon bai ko yi ƙara ba, don har yanzu ɗanye ne. A haka Regula ta shigo ta same ni. Ta ce mijinta bai taɓa fara abu ya gama ba sai wannan, in ina son ganin jikana in bar zancen itace a bakin ƙofa. Na bar shi.

Gargaɗi

Duk sandar da ta zame, duk ƙafar da ta murɗe, babu ruwana. Ban ba ka zarto ba, ban ce ka yi ba, kada a aiko mini kowa. Ni abin da na kai musu kawai bargon ulu ne mai kauri, na ce kyauta ce, a shimfiɗa a ƙasa saboda sanyin daɓe. Regula ta karɓa, ta daɗe tana kallona. Sai ta ninka shi biyu ta tura ƙarƙashin gadon.